Yadda ake haɗa sifirin da shokozoba don mota ta samu tsayin da ya dace da hanyar ƙauye

Duk wanda ke jan Golf 3 ko Sharan ko Corolla a hanyoyin nan namu na burji ya san matsalar: mota ta fito daga Turai ko Amurka an yi mata ƙafa ne don kwalta mai santsi da mutum huɗu ko biyar, mu kuma mun kawo ta inda ranar Alhamis za ta ɗauki buhunan riɗi zuwa Maigatari, ranar Juma'a ta nufi Wudil da fasinja har a but, ga rairayi ga tudun tsakiyar hanya da kurar shanu ta bari. Sai ka ji ƙasan mota na gurzar ƙasa, salansa ta tsinke, kaskon mai ya lotse. Daga nan sai mutum ya ce a ɗaga masa mota, bakanike ya aika yaro ya samo sifirin "mai tsawo", a cusa, mota ta miƙe kamar da gaske, bayan sati biyu kuma a dawo ana cewa gaba yana ƙwal-ƙwal ko shaf ya fara kuka. Toh bari mu bi aikin daki-daki.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin komai. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta. Shokozoba aikinta hana mota rawa ne, ba ita ke ɗaga mota ba, in ka sa sabuwar shok mai gas za ka iya ganin ɗan tashi kaɗan amma ba wani abin kirki ba. Sai dai shok ɗin ita ce ke da iyakar sama da iyakar ƙasa, wato iya inda taya za ta iya nutsewa da iya inda za ta iya saukowa. Kenan in sifirin ya ajiye mota a wurin da shok ba ta da sauran wuri, aikin ya ɓaci ko da kuwa kowannensu sabo ne fil daga kwali.

Mataki na farko: auna motar yadda take

Kar ka kwance noti ko ɗaya sai ka auna. Nemi wuri mai lebur, daɓen siminti na gidan mai ko na shago, ba ƙasar gareji mai tudu da kwari ba. A daidaita iskar tayoyi huɗun, a fitar da tarkacen but, mai ya kasance kamar rabin tanki. Ka ɗan tura motar gaba da baya ta zauna, musamman in an taɓa ɗaga ta da jak a ranar.

Sai ka ɗauki tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, miƙe sama, a ƙafa huɗun duka. Daga tsakiyar wili fa, ba daga ƙasa ba, saboda in ka auna daga ƙasa girman taya da iska za su shiga lissafin su ruɗe ka. Rubuta a milimita. Bambancin dama da hagu in bai wuce milimita 10 ba babu damuwa, in ya kai 20 ko fiye to akwai sifirin da ya gaji ko ya karye daga ƙasa inda ido ba ya gani, ko kuma madigadin ya taɓa shan duka an gyara, ka duba wannan ma.

Yanzu ga awon da mutane ba sa yi kuma shi ne mafi amfani gare mu. Loda motar irin lodin da ka saba, ba lodin da za ka faɗa wa jami'an hanya ba, na gaskiya. In buhu biyar kake sawa sa biyar ɗin, in fasinja ne kira samarin unguwa su shiga su zauna. Sake auna ƙafa huɗun. Sannan ka durƙusa ka auna daga ƙasa zuwa abin da ya fi kowanne sauka a ƙarƙashin motar, kaskon mai ne ko salansa ko ƙarfen da ke riƙe da inji. Waɗannan lambobin biyu, na wayam da na lodi, su za su gaya maka ciwon motar. In wayam ɗin ma a ƙasa take to sifirin ya mutu ko kuma tun asali gajeren na 'yan gayu aka shigo da ita da shi. In wayam tana tsaye lafiya amma da lodi baya ya zauna, to ba tsawo kake nema ba, ƙarfi kake nema.

Mataki na biyu: san irin ƙafar da motarka ke da ita

Yawancin ƙananan motocin da muke ja, gabansu irin haɗin nan ne da ake kira MacPherson, inda sifirin ke zaune a kan faranti a jikin shok, shok ɗin kuma ita ce ke riƙe da kan wili tana juyawa tare da sitiyari. Golf 3, Sharan, Corolla, Camry, Peugeot 406 duk haka gabansu yake. A irin wannan wurin da aka walda farantin a jikin shok yana cikin lissafin tsayi, in farantin sabuwar ya fi na tsohuwar sama da milimita 15 motar za ta tashi kusan haka ko da sifirin bai canza ba.

Baya kuma kowa da nasa. Camry ta shekarun 2002 zuwa 2011 bayanta ma sifirin a jikin shok yake. Sharan da Sienna sifirin daban shok daban. Peugeot 206 da 306 da 405 ba su da naɗaɗɗen sifirin a baya kwata-kwata, sandar ƙarfe ce mai murɗawa, tsayin su ana gyara shi ne ta zare sandar a juya haƙoranta, kar wani ya sayar maka da sifirin baya na 306. Hilux da Hiace kuma bayansu faifan ƙarfe ne da aka jera, wannan wani darasi ne daban.

Sai lambar bodi, mai haruffa da lambobi 17. Ɗauke ta a waya kafin ka tafi kasuwa. In ta fara da J a Japan aka ƙera, W yawanci Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. Wannan yana da amfani saboda Corolla ta Amurka da ta Turai suna iri ɗaya amma ba lallai kayan ƙafarsu su zo ɗaya ba. Haka nan mota mai injin dizal ko mai silinda shida gabanta ya fi nauyi, sifirin ɗinta na gaba ya fi na mai silinda huɗu ƙarfi, wagon kuma bayanta daban da gajera. Kamfanin Volkswagen yana ɗiga fenti a jikin sifirin, ɗigo biyu ko uku masu launi, kowane launi da ajin nauyinsa, in ka wanke tsohon naka da ruwa da tsumma sau da yawa za ka gan su. Akwai kuma takarda da suke mannawa a but wajen ramin safaya taya mai ɗauke da lambobin kayan da aka haɗa motar da su, in ba a yage ba ɗauki hotonta.

Mataki na uku: zaɓen sifirin, nan ne ake cin kuɗin mutane

A kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano za a zube maka sifirin a ƙasa a ce ga dogo ga gajere ka zaɓa. Tsawon sifirin a ƙasa ba shi ne tsayin mota ba. Tsayin mota shi ne abin da ya rage bayan nauyi ya danne shi.

Bari in ba ka misali da lambobi don ka gane, lambobin na lissafi ne kawai ba na wata mota ba. Ka ɗauka kusurwar gaba ɗaya tana ɗauke da kilo 350. Sifirin na farko tsawonsa milimita 380, kuma kowane kilo 2.5 na danne shi milimita 1, kenan zai nutse 140 ya rage 240. Na biyu gajere ne, 360, amma sai an ɗora kilo 3.5 yake nutsewa milimita 1, zai nutse 100 kawai ya rage 260. Ka gani? Gajeren ya ɗaga motar da milimita 20 fiye da dogon. Wanda ya zaɓa da ido dogon zai ɗauka ya biya kuɗi ya dawo da mota ƙasa.

To ta yaya za ka gane ƙarfi a tsakiyar kasuwa babu na'ura? Abu uku: kaurin ƙarfen, faɗin naɗin, da yawan zagayen. Kaurin ƙarfe shi ne babba, don ƙarfin yana hawa ne da kauri sau kansa har huɗu, shi ya sa daga milimita 12 zuwa 13, ɗan bambancin da ido ba zai kama ba, ƙarfi yana ƙaruwa da kusan kashi 38 cikin 100 in sauran abubuwan ɗaya ne. In ba ka da ma'aunin kauri tafi da sifana masu buɗaɗɗen baki, lamba 11 da 12 da 13 da 14, ka riƙa zura bakin a jikin ƙarfen, wadda ta shige cif ita ce kaurin. Ka goge tsatsa da laka tukuna. Naɗi mai faɗi ya fi laushi, matsattse ya fi tauri. Zagaye da yawa laushi, zagaye kaɗan tauri, shi ya sa in aka yanke sifirin yake ƙara tauri yana kuma rage tsayi.

Ga mai lodi abin da ake so a baya shi ne sifirin mai tsawo kusan ɗaya da na asali ko ya ɗan fi kaɗan, amma ƙarfensa ya fi kauri da milimita 1 ko makamancin haka. Lissafa da kanka: buhun masara cikakke kusan kilo 100 ne, biyar kilo 500, kowane gefe 250. Sifirin mai kilo 2 a milimita zai nutse 125, mai kilo 3 zai nutse wajen 83. Wannan bambancin na milimita 40 da ɗoriya shi ne tsakanin taya na cin madigadi da wucewa lafiya. Amma kar ka zarce, in ka sa mai tauri sosai ranar da ka fito wayam bayan motar zai riƙa tsalle a kan gargada, kuma taya da ke sama ba ta riƙe hanya ba ta kuma kama birki.

Bayan ƙarfi sai baki. Sifirin yana da yadda ƙarshensa yake, wani a daddaɓe lebur, wani an bar shi da wutsiya da ke shiga wani ɗan gurbi a faranti, wani kuma bakinsa ya tsuke. Dole ya zauna a farantin shok ɗinka sama da ƙasa ba tare da an buga ba. Shi ya sa nake cewa tafi da tsohon a hannu, kai in da hali tafi da ƙafar gaba ɗaya.

Abu biyu kar ka yarda a yi maka. Gasa sifirin da wutar walda don a miƙar da shi ko a sassauta shi, wuta tana kashe taurin ƙarfen, zai zauna cikin ɗan lokaci ko ya karye. Na biyu cusa guntun taya ko katako tsakanin zagaye, yana hana wannan zagayen aiki sauran su ɗauki wahalar duka.

Na Beljiyam ko sabo? Ni a wajen sifirin ban ƙi na Beljiyam mai kyau ba, in babu tsatsa mai rami, fentinsa bai ɓare ba, kuma biyun tsawonsu ɗaya launin ɗigonsu ɗaya. Ka tsayar da su gefe da gefe ka gani. Shok ce nake jin tsoro a tsohuwa don cikinta ba ya ganuwa.

Mataki na huɗu: nemo shok da za ta iya da wannan sifirin

Ja sandar shok har ƙarshe ka auna tsawonta, danna ta har ƙasa ka sake aunawa, bambancin shi ne tafiyarta. Abin da ake so, idan mota na tsaye da nauyinta, sandar ta kasance wajen tsakiyar tafiyar nan, akwai wurin nutsewa in an hau tudu, akwai wurin saukowa in taya ta faɗa rami. Ni ƙa'idar da nake bi, kar wurin saukowa ya gaza kashi ɗaya cikin uku na tafiyar.

Ga yadda za ka gane ba tare da kwance komai ba. Kana da awon tsakiyar wili zuwa madigadi na mota a tsaye. Ɗaga motar da jak ta jikin bodi har taya ta bar ƙasa, sake auna. Bambancin shi ne wurin saukowa da kake da shi yanzu. Misali a tsaye 370, a rataye 450, kana da 80. In ka sa sifirin da zai ɗaga motar 50, saura 30 kenan, duk ramin da ya fi haka zurfi shok za ta miƙe ta bugi ƙarshenta, wannan shi ne ƙwal ɗin da ake ji bayan an ɗaga mota, kuma a hankali yana cinye mauntin na sama, inda kan shok ke haɗe da bodi, ya kashe shok ɗin. Da wannan lissafin kaɗai za ka san iya ɗagawar da shok ɗin asali za ta ɗauka, yawanci a ƙananan motoci milimita 20 zuwa 30 ne, wuce nan sai an nemi shok mai tsawon sanda.

Masu saukar da mota kuma, samarin da ke son Corolla ta kwanta, nasu akasin haka ne. Sifirin irin na Eibach ko H&R suna sauke mota kamar milimita 25 zuwa 40, in aka bar shok ɗin asali sai ta zauna kusa da gindinta tana dukan roba. Shi ya sa kamfanin shok na Bilstein suka raba nasu, B4 madadin ta asali ce, B6 mai ƙarfi ce a tsayin asali, B8 kuma gajera ce don saukakken sifirin. Wannan na mai yawo a cikin birni ne, in gidanku sai an bar kwalta an yi tafiya a burji ka manta da shi, kuma in ka sayi mota ka ga sifirin ja ko shuɗi mai sunan kamfani a jiki to ka san dalilin da take gurzar ƙasa.

Sai ƙarfin riƙo. Sifirin mai tauri yana dawowa da ƙarfi, shok mai laushi ko gajiyayya ba za ta iya tare shi ba, motar sai ta riƙa lilo kamar kwalekwale a kogin Haɗejia. In ka ƙara taurin sifirin to ka sa sabuwar shok mai gas, KYB ko Sachs ko Monroe, kuma ka lura jabu sun cika kasuwa da kwali mai kyau, duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta dace da ta kwali, duba waldar farantin, ɗaga ka ji nauyi. Riƙe ta a tsaye ka danna ka ja, ya kamata ka ji riƙo tun daga farko har ƙarshe babu wurin da ta zarce fayau, ja kuma ya fi dannawa wuya. Mai gas in ka sake ta za ta fito da kanta a hankali. In ka ga jiƙon mai a jikinta ajiye musu kayansu.

Jera sabuwar da tsohuwar a ƙasa ka gwada abu huɗu: nisan farantin daga ramukan ƙusa na ƙasa, tazarar ramukan, kunnen da ake ɗaura tiyon birki da wayar ABS (tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki), da kunnen sandar balans. Wasu motocin shok ta dama daban ta hagu daban, duba alamar R da L.

Akwai wata hanya ta ɗagawa da ba ta cin tafiyar shok, wato zoben da ake sawa tsakanin kan shok da bodi, na alminiyam ko roba mai tauri, milimita 20 zuwa 30. In sifirin ɗinka lafiya yake kuma ba lodi ne matsalarka ba, tudun hanya ne kawai, wannan ya fi sauƙi. Sai dai ƙusoshin sama su kasance masu tsawon da noti zai kama sosai, kuma ba ya ƙara ƙarfin ɗaukar kaya ko kaɗan. Taya ma tana ba da nata: daga 185/60 R14 zuwa 185/70 R14 mota na tashi kusan milimita 18, kuma wannan ita ce ɗagawar da ke ɗaga komai har da ƙarfen ƙasa. Amma ka juya sitiyari har ƙarshe ka tabbatar ba ta cin bodi, kuma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi da kusan kashi 6 cikin 100.

Mataki na biyar: ɗaurawa

Bibbiyu ake canzawa, gaba biyu ko baya biyu, sifirin da shok duka. Sassauta notin taya, ɗaga mota, sa mata madogari na ƙarfe ko kututture mai ƙwari, kar a shiga ƙarƙashi da jak kaɗai balle a kan yashi. Kafin a cire ƙusoshin ƙasa a yi musu alama da fenti ko ƙusa don a mayar kusa da yadda suke. Cire tiyon birki da wayar ABS daga kunnensu, kar a bar kan wili ya rataya a jikin tiyo, kar kuma a bari ya faɗo waje ya zaro shaf daga giya.

Notin tsakiya na saman sanda, wannan ba a taɓa shi sai an matse sifirin da abin matsewa, guda biyu, ɗaya a kowane gefe, ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan nan da can har sifirin ya saki faranti. Akwai ɗaruruwan kilo a matse a wurin. Masu ɗaurewa da igiya ko waya, ko su sa yaro ya taka su kwance noti ya fita da gudu, wallahi ganganci ne, in ka ga za a yi haka a motarka ka hana, kuma ko da abin matsewar kar kowa ya tsaya saitin bakin sifirin.

Tunda an buɗe, duba mauntin na sama da boris ɗinsa, in yana ƙara ko robar ta tsage canza. Robar da ke jikin sanda mai hana shok dukan gindi da rigar da ke kare ƙura, su biyun nan kar a mayar da mota babu su, ƙurar hunturu in ta samu sanda tsirara ita ke cinye sil, robar da ke tare man shok, mai ya fara zuba. Sabuwar shok a riƙe ta a tsaye a danna a ja sau huɗu ko biyar kafin a ɗaura. Kar a kama sandar da filaya don a ɗaure noti, ƙarzani ɗaya ya isa ya yaga sil, akwai wurin kamawa a samanta. Wutsiyar sifirin ta shiga gurbinta sama da ƙasa, a sassauta abin matsewa a hankali ana kallo.

Ƙusoshin da suka ratsa bushin na roba, kamar na ƙasan shok ɗin baya da na hannun ƙafa in an taɓa su, kar a ɗaure su tamau mota na rataye. A sauke ta ta zauna a kan tayoyinta sannan a ƙarasa ɗaurewa, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri, wani lokacin ma ta riƙe motar sama ta ba ka awon ƙarya.

Mataki na shida: gwaji

Tun motar na rataye ka kama sifirin ka girgiza, in yana motsi ya yi wa shok ɗin gajarta, zai iya fita daga gurbi a rami. Duba tiyon birki da wayar ABS ba su miƙe tsam ba, juya sitiyari dama da hagu kana kallo. Juya taya da hannu ka ji ko shaf na kamewa.

Sauke, ɗaura igiyar roba mai zargewa a jikin sandar shok ka tura ta ƙasa ta taɓa bakin shok ɗin, sannan ka loda motar ka bi hanyar da ka saba. In ka dawo ka duba inda igiyar ta tsaya. In ta haura har ta matse a jikin robar sama, motar na kaiwa ƙarshe, sifirin ya yi laushi ga lodinka. In ko rabi ba ta kai ba bayan ka bi ramuka da kaya, ya yi tauri. Duba jikin sifirin ma, in ka ga layin da fenti ya goge tsakanin zagaye da zagaye to suna haɗewa, zagayen sun yi yawa ga wurin.

Bayan kwana biyu uku ka koma daɓen nan ka sake awon farko, wayam da lodi. Yadda nake so in gani, wayam baya ya ɗan fi gaba tsayi, da lodi motar ta zo kusan daidai. Sannan dole a je alaimen, don duk lokacin da tsayi ya canza tsayuwar taya ta canza, in ka ƙi zuwa sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya kafin kaka ta wuce. A saita fitilun gaba kuma.

Saura abu biyu da suka shafi rai. Wasu motocin marasa ABS, irin su wasu Golf 3 da tsofaffin Hilux, suna da wani bawul a baya mai ɗan sifirin da ke haɗe da ƙafar baya, shi ke auna yadda baya ya nutse ya ƙara wa birkin baya ƙarfi in an yi lodi. In ka ɗaga baya ko ka sa sifirin mai tauri, bawul ɗin zai ɗauka motar wayam take alhali buhu biyar ne a ciki, sai ya rage birkin baya. A nuna wa mai gyaran birki ya sake saita shi. Na biyun, sifirin mai ƙarfi bai ƙara wa taya da boris da birki komai ba. Akwai faranti a jikin ƙofa ko wajen inji da ke nuna iyakar nauyin gaba da na baya, a jikin taya kuma akwai lamba bayan girmanta, 82 kilo 475 take ɗauka, 88 kilo 560, 91 kilo 615. Haɗa na tayoyin baya biyu ka gwada da nauyin bayan motar haɗe da kayan da kake ɗorawa, in lissafin ya wuce to ka nemi taya mai lamba sama ko ka rage buhu ɗaya.